Darajar 'yan bayan da ba sa cin ƙwallo a NHL, gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada

A hirar da ake yi kan darajar irin waɗannan 'yan baya, inda yawanci suka tsaya shi ne, ɗan bayan da aikinsa tare hanya da toshe bugu da jikinsa, farashinsa na tashi ne dab da rufe kasuwar musaya, lokacin da masu neman Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, ke rububi. Ƙungiyar Tampa Bay ta ba da damarta ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa kan David Savard a 2021 kuma ta ɗau kofin, Florida ma haka ta biya kan Ben Chiarot a 2022 amma a zagaye na biyu na wasannin neman kofin aka koro ta. To in kulob ɗinku ba inda za shi bana, ku sayar da irin wannan ɗan baya tun kwantiraginsa bai ƙare ba. Mai saye kuma don Allah kar ya ba wanda ya haura shekara 30 doguwar kwantiragi, jikinsu na shan duka sosai wallahi. Ɗan bayan da ke bugu ta hannun dama ya fi tsada don sun yi ƙaranci.