Ruwan rijiyarmu ya canza tun da masu haƙa suka sauka, don Allah ku ba ni shawara

Mai Gona: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Rijiyar gidanmu mahaifinmu ne ya haƙa ta tun ban yi wayo ba, shi da ƙanensa da suka ɓata daga baya a kan iyakar gona, har ya rasu ba sa ga maciji, amma wannan wani zance ne. Rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a tsakiyar rani wurinmu maƙwabta ke ɗiba. Ni ne babba, don haka gona da tsohuwa da ƙanne duk suna wuyana. To bara masu haƙar ma'adinai suka sauka a tudun da ke sama da mu. Yanzu ruwan ya ja baya sai da muka ƙara igiya, kuma yana ɗanɗanon ƙarfe. Rafin da dabbobi ke sha ya yi ja, duwatsun bakinsa kamar an shafa musu tsatsa. Ƙaramin ɗana yana yawan ciwon ciki. Maiɗakina ta ce ruwan ne, ni na ce haƙori yake fitarwa. Yaya zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Ku riƙa jefa alif ya kwanta, sannan ku tafasa sosai kafin ku sha.

Injiniya: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan shawarar tana iya cutarwa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da dalma ko gubar asenik. Ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta ƙara kauri a tukunya. Alif kuma laka yake kwantarwa, ruwa ya yi garau alhali ba lallai ne ya fitar da duk abin da ya narke a ciki ba. Malam Mai Gona, jan da ka gani a rafi alama ce sananniya. Akwai dutse mai ƙarfe da farar wuta a jikinsa, idan aka fasa shi ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da asid, asid ɗin ya narko ƙarafa ya kwaso su zuwa rafi. Ja bayan rijiya kuwa, idan suna zuƙe ruwa daga raminsu da inji, ruwan ƙarƙashin ƙasa na kewayen zuwa ramin yake gangarawa. Amma ba ka faɗa mana komai ba. Me suke haƙa? Nisan su nawa da rijiyar? A ina suke wanke ƙasar?

Mai Gona: Zinare ne. Nisan ban auna ba. Wankin a gefen gonata suke yi, can ƙasa kusa da rafi. Ni na ba su hayar wurin, daman ba ya noma.

Injiniya: Kai ka ba su?

Mai Gona: Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kuɗin hayar nake sayen maganin tsohuwa. Kuma da na hana, maƙwabcina zai ba su, ruwan dai ɗaya ne.

Tsohon Mahaƙi: Ga shi nan an fara. Kullum ƙaramin mai haƙa ne mai laifi. Shekara 9 na yi a rami, wani babban kamfani ya zo da takarda ya kore mu, ko diyyar injina ban gani ba. Su manyan kamfanonin, wa ya tambaye su ina suke zuba dagwalonsu? A Burazil a 2019 madatsar dagwalon ma'adinai ta Burumadinyo ta fashe, mutum 270 suka mutu. Masu diga da shebur ne suka yi wannan?

Injiniya: Ba su ba ne, amma a Zamfara a 2010 ba babban kamfani ba ne. Duwatsun zinare masu dalma ake niƙawa a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga. A 2015 aka sake ganin irinsa a jihar Neja. Kuma can ƙura da ƙasar tsakar gida ce ta fi yin ɓarna. Saboda haka Malam, yau ɗin nan ka kai yaro asibiti, ka ce a auna dalma a jininsa, ka faɗa musu kusa da masu haƙa kuke. Ka daina ba shi ruwan rijiyar. Ka ɗebi ruwa daga rijiya, da rafi sama da wurin wanki, da ƙasa da shi, a kwalabe daban, ka rubuta rana, ka kai ɗakin gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga dalma maikurogiram 10 ce a lita ɗaya, asenik ma haka. Ido da harshe ba sa gane wannan. Ba tare da takardar gwaji ba, duk inda ka kai ƙara za a ce daman haka ruwanku yake.

Baban Yara: Ni dai shawarata ka haƙa burtsatse mai zurfi ka huta da surutu. Mu ƙara muka kai wani ofis har sau huɗu, aka ce za a turo mutane, har yau muna jira.

Injiniya: Zurfi ba garanti ba ne. Idan ba a toshe gefen bututun da siminti ba, kai da kanka ka buɗe wa gurɓataccen ruwan sama hanya zuwa na ƙasa.

Tsohon Mahaƙi: Malam kar ka kore su, ka zauna da su. Su haƙa kududdufi biyu ko uku a jere, nesa da rafi, ruwan wanki ya kwanta a ciki su riƙa maimaita shi. Zaibar da ake ware zinare da ita kuma kada a wanke ta ko a ƙona ta a bakin ruwa. Wannan mun yi shi, yana aiki.

Injiniya: Yana rage laka, ban musa ba. In ba a shimfiɗa leda mai kauri ko yumɓu a gindin kududdufin ba, ƙasa zai tsiyaya. Damina ɗaya mai ƙarfi kuma ta cika shi ya malale. Zaiba in ta shiga rafi kifi ke tara ta, abin da ya faru a Minamata ta Japan ke nan. Ka soke hayar.

Mai Gona: Na gode duka. Amma soke haya ba zai yiwu ba, na riga na karɓi na shekara. Kuma yaron ya ɗan ji sauƙi tun jiya, ina ga haƙorin ne. Ruwan ma da safe ba ya ɗanɗano sosai.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa, ni na janye maganar tafasawa. Ka kai yaron nan asibiti.

Baban Yara: Wai wa ya san mai haƙa burtsatse na kirki? Tamu ta fara kawo yashi.

Injiniya: Malam Mai Gona, har yanzu ba ka faɗi nisan ba. A gidanka suke ajiye buhunan dutsen?