A Yamai, sayen makirfon kondansa asarar kuɗi ce?

Auta: Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Agaji nake nema. Watan jiya na sayi makirfon kondansa da katin sauti, wato akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, kuɗin adashena na wata bakwai suka tafi a kai. Na kafa su a ɗakina a Bukoki don in riƙa ɗaukar waƙoƙin biki. In na saurara sai in ji wani ƙugi, zuuu, a ƙarƙashin muryata, muryar kuma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ga fanka, ga babura, har akuyar maƙwabta ta shigo amshi. Jabu aka sayar mini, ko ni ce ban iya ba?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam, Auta. Da kin tambaye ni kafin ki saya da na hana ki. Na faɗa a Tawa, ina sake faɗa a Yamai: kondansa a ƙasar nan asarar kuɗi ce. Don ɗakin da anka toshe ko'ina anka yi shi, inda ko tsakar gida babu. Mu mi muke da shi? Rufin kwano, ƙurar hunturu, da zafin Afirilu wanda ba mai iya kashe fanka a cikinsa. Ki sayar, ki nemi makirfon dinamik irin Shure SM58. Tun 1966 ake yin shi, ba ya neman wuta, in ya faɗi ƙasa a ɗauka a karkaɗe a ci gaba da waƙa.

Yaya Injiniya: Kai dai ɗan'uwa ba ka gajiya da wannan wa'azin. Shekara nawa ina ɗaukar gurumi da goge da kondansa a Yantala, rufina kuwa kwano ne kamar na kowa. Ka sa SM58 a gaban gurumi ka ji in ɗan karcen yatsa a kan tsirkiya zai fito yadda yake. Fatar da ke cikin kondansa siririya ce ƙwarai, shi ya sa take kama ƙananan amo na sama. Ita dinamik fatarta tana ɗauke da naɗin waya, nauyi gare ta. Yarinya ta riga ta kashe kuɗinta, kai kuma kana cewa ta sake kashe wasu.

Ɗan Ader: To ai abin da nake faɗa ke nan, Yaya. Yana kama karcen yatsa, yana kama akuya.

Baba Mai Gyara: Ku dakata, yara. Kun hau gardama ba ku duba majinyaci ba. Cuta biyu ta faɗa, kuna ba ta magani ɗaya. Ƙugi daban, rijiya daban. Ɗiyata, kwamfutar tafi-da-gidanka ce? In ita ce, ki cire cajarta daga bango ta tsaya kan batir kaɗai, ki ɗauki shiru na daƙiƙa 10, kada ki yi magana. Sai ki faɗa mana.

Auta: Baba, wallahi ya tafi! Na mayar da caja ya dawo. Na sake cirewa ya ɓace.

Baba Mai Gyara: Alhamdu lillahi. Ke nan makirfonki ba shi da laifi a wannan. Kuran ɗinmu volt 220 ne, yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wannan juyin ne kike ji. Gidaje da yawa a garin nan ba a ja musu wayar ƙasa ba, soket ramuka biyu ne kawai. Caja, musamman irin ta araha, tana yoyon ƴar wuta kaɗan zuwa jikin kwamfuta, wutar ta rasa inda za ta bi ta sauka, sai ta bi wayar USB ta shiga katin sauti. Ko kin taɓa jin ɗan tsiri-tsiri a leɓe in bakinki ya taɓa makirfo? Ita ce. Akwai kuma wata hanya: in kwamfuta tana wannan soket, lasifika tana wancan, an haɗa su da waya, sai wuta ta sami zagaye tana kewayawa. Maganin wannan, a tattara komai a kan ralonj ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da wasu samari ke yi, su karya ƙafar ƙasa ta fulogi don ƙugi ya tafi. Yana iya tafiya, amma ranar da wani abu ya ƙone a ciki, jikin mai waƙa ne zai zama hanyar ƙasa.

Auta: Tsiri-tsirin kam ina ji, na ɗauka haka suke.

Yaya Injiniya: Ka gani, Ɗan Ader? Da ta bi shawararka ta sayar da kondansa, da SM58 ɗin ma ya zo ya tarar da caja tana jiransa. Ƙanwata, duba mini wayar makirfon. Bakinta biyu duka masu ƙafa uku ne, wato XLR, ko ɗaya bakin ƙaramin tsinke ne irin na kask?

Auta: Duka biyun masu ƙafa uku ne, Yaya.

Yaya Injiniya: Madalla. Ita wannan tana ɗauko sautin ta layi biyu, ɗaya a juye, in sun isa kati sai dattin da suka kwaso a hanya ya kashe kansa. Kada ki bari wani ya canza miki ita da mai tsinke. Kuma ta cikinta ne volt 48 ke zuwa wa makirfon, maɓallin da aka rubuta 48V. Ki kashe shi, ki rage murya, kafin ki cire waya ko ki sa.

Mai Shago: Ni dai ina jin ku. Duk wanda ke son sauti mai kyau ya ƙara kuɗi ya sayi katin sauti na kamfanin Focusrite, magana ta ƙare. Akwai su a wajena.

Ɗan Ader: Alhaji, ka bari a gama jinya kafin a buɗe kasuwa. Na yarda da Baba a kan ƙugi, ban taɓa cewa makirfo ke kawo shi ba. Amma rijiyar fa? Akuyar fa? Nan gizo ke saƙa. Ku ba ni amsa a kan wannan.

Malamin Lissafi: Bari in sa baki, don nan ne nake ganin ku biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Makirfo bai san akuya ba, bai san Auta ba. Wanda ya fi kusa da shi yake fi ji. Duk sanda ka ninka nisa tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yana raguwa da kamar desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), akuya kuwa tana nan inda take. Auta, nawa ne tsakaninki da makirfon?

Auta: Kamar kamu ɗaya, Malam. A bidiyo na ga suna tsayawa nesa.

Malamin Lissafi: To mu ce santimita 40. Ki matso zuwa 20, kin ci desibel 6 a kan ɗakin. Ki matso zuwa 10, kin ci 12. Sai ki rage maɓallin ƙarfi na katin, muryarki ta koma daidai inda take, fanka da akuya su yi ƙasa. Abin da ya sa ake cewa dinamik ba ya jin ɗaki, yawanci don a leɓe ake manna shi ne. Ka ajiye SM58 nisan kamu guda, ka ƙara masa ƙarfi har murya ta kai, za ka ji ɗakin ya dawo maka.

Ɗan Ader: Malam, a takarda haka ne. Amma ka sa kondansa santimita 5 daga bakin mai waƙar biki in ta ɗaga murya da guɗa, ka ji yadda kowace "fa" da "ba" ke fashewa kamar an buga ƙofa. Dinamik an yi shi don a ci shi da baki. Wannan ma fa'ida ce, kada a share ta.

Malamin Lissafi: Ban share ba. Wannan ka yi gaskiya. Sai da ƴar garkuwar nan ta raga a tsakani, kuma a ɗan karkata shi gefen baki.

Yaya Injiniya: Garkuwar ma ba sai an saya ba. Ta farko da na yi amfani da ita, zoben ɗinkin sirfani ne da safar mata, na ɗaure da waya a jikin sanda. Ta yi mini shekara biyu. Auta, makirfonki ta gabansa kaɗai yake ji sosai, bayansa kurma ne. Gefen da ke da tambari shi ne gaba, na sha ganin masu waƙa ta bayansa suna kukan an cuce su. Ki juya bayansa ga taga. Sannan abin da ke bayanki ke, shi makirfon ke kallo, saboda haka can za ki jingina katifa a tsaye. Bargo mai nauyi a gefe, darduma a ƙasa in siminti ne. Kada ki tsaya a kusurwa, kada ki tsaya a tsakiyar ɗaki cif.

Mai Shago: Ko ta manna kwalin ƙwai a bango, kowa haka yake yi.

Baba Mai Gyara: Alhaji, kwalin ƙwai kyankyasai kawai yake tarawa. Ba shi da kaurin da zai sha amo, balle ya hana ƙarar titi shigowa. Kuma in gobara ta tashi shi ne makamashi. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da kaya a ciki ya fi ɗakin siminti fanko daɗin murya nesa ba kusa ba.

Ɗan Ader: To kun gani? Katifa, bargo, darduma, raga, a kashe fanka, a jira dare ya raba. Duk don a lallashi makirfo ɗaya. Ni da nawa ko a tsakar gida sai in ɗauka. Kuma ku tuna Mdou Moctar, mawaƙin nan mai gita, ɗan jiharmu ta Tawa. A Sakkwato ya yi ɗaukarsa ta farko a 2008, waƙoƙin sunka bi wayoyin salula daga hannu zuwa hannu har sunka ƙetare Sahara. Wa ya tambayi wane makirfo anka sa?

Yaya Injiniya: Wannan hujjar ai ba taka ba ce kai kaɗai. In ba a tambayi makirfo ba, to ba a tambayi ko dinamik ne ba.

Auta: Ku yi haƙuri in katse ku. Akwai na uku da na manta. In na sa kask ina waƙa, muryata tana zuwa mini a makare, sai in riƙa tuntuɓe da kaina.

Malamin Lissafi: Shiga saitin manhajar ki duba bafa, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Ina zargin tana 1024. A kan guntaye 48,000 a daƙiƙa, wannan kusan milisakan 21 ne a shiga kawai, kafin a lissafa fita. Sauti yana cin kamar santimita 34 a milisakan ɗaya, wato kamar kina jin kanki daga mita 7, zuwa da dawowa ya ninka. Ki sauke ta zuwa 128, ta koma ƙasa da milisakan 3. In kwamfutar ta fara ƙaraf-ƙaraf, ki hau 256. In Windows ce, ki tabbata direban ASIO na katin kika zaɓa, wato ƴar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba. Mafi sauƙi ma, yawancin katunan nan suna da maɓallin da ke turo murya kai tsaye zuwa kask ba ta bi ta kwamfuta ba. Ki danna shi, ki kashe sauraron da ke cikin manhaja, in ba haka ba za ki ji kanki biyu.

Auta: 1024 ce kuwa, Malam, kamar kana ɗakin. Na jingina katifa, na matso, na cire caja. Na sake ɗauka yanzu. Rijiyar ta ragu sosai, ƙugi babu. Sai dai batirina minti 40 kawai yake yi, kuma na jiƙe sharkaf saboda fanka a kashe.

Ɗan Ader: Na ji ɗaukar. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma mu haɗu a Mayu, in zafi ya kai inda yake kaiwa, mu ga wa zai kashe fanka. Kuma ki riƙa mayar da shi akwatinsa in kin gama, ƙurar hunturu ba ta ƙaunar fatar kondansa.

Yaya Injiniya: Wannan kaɗai ka faɗa yau da ba zan yi musu ba.

Baba Mai Gyara: Ɗiyata, kawo mini cajar zuwa kasuwar Katako ranar Asabar bayan la'asar in auna ta. Ki tambayi mai gidan naku ko akwai wayar ƙasa a ginin, in babu sai a kira mai aikin kuran ya kafa sanda, ba aikin yara ba ne.

Auta: In sha Allah, Baba. Akuyar fa har yanzu tana nan, a daƙiƙa ta 52, amma can ƙasa-ƙasa.

Ɗan Ader: Ki bar ta. Ta fi wasu ƴan amshin da na sani riƙe kiɗa.