Shaidar ƙwararriya a shari'ar Jodi Arias: bayani ta zo yi ko wankin mai laifi?

Kabiru Kawo: Jama'a, na gama kallon shari'ar nan da Anti Ladi ta turo mana ta YouTube, ta Jodi Arias da ta kashe tsohon saurayinta Travis Alexander a garin Mesa na jihar Arizona a Amurka a 2008. Suka da wuƙa kusan 30, yanka a wuya, ga harbi a ka. Da farko ta ce ba ta ma je gidan ba, ta dawo ta ce wasu mutum biyu ne masu rufe fuska, daga baya ta ce kare kanta ta yi. Sai lauyoyinta suka kawo wata Alyce LaViolette, ƙwararriya kan cin zarafi tsakanin ma'aurata, ta yi kwanaki tana cewa Jodi ce aka zalunta. Ni dai a wurina wannan shaidar haya ce. Wanda ya biya ka, bakinsa za ka yi. Kamata ya yi kotuna su daina sauraron irinsu.

Anti Ladi: Kabiru, ka haɗa abu biyu. Ni ma ban yarda da Jodi ba, kuma masu taya alƙali yanke hukunci ba su yarda da ita ba, tunda a watan Mayun 2013 suka same ta da laifin kisa da gangan, a 2015 aka yi mata ɗaurin rai da rai. Amma don shaida ɗaya ta gaza ba za ka ce a rufe ƙofar gaba ɗaya ba.

Kabiru Kawo: Anti, matar nan ba ta taɓa ganin Travis ba. Hira ta yi da Jodi, ta karanta saƙonninsu da littafin da Jodi ke rubuta sirrinta, shi ke nan ta ɗora wa mamaci laifi. Shi kuma yana kabari, ba bakin musu.

Barista: Nan kam ka taɓo inda ke ciwo, kuma nan mai gabatar da ƙara Juan Martinez ya matse ta. Idan mai ba ka labari ta riga ta kawo magana iri 3, duk abin da ka gina a kan bakinta ginin toka ne. Sai dai kar ka manta gwamnati ma ta kawo tata ƙwararriyar, Janeen DeMarte, wadda ta ce ba ta ga alamar an ci zarafin Jodi ba. Ita ma biyanta aka yi. Me ya sa ita ba ka kira ta 'yar haya ba?

Kabiru Kawo: Don maganarta ta dace da hotuna da gawar.

Barista: To ka ga ashe ba kuɗin ba ne matsalar, abin da ke tallafe da maganar ne. A nan gida sashe na 68 na dokar shaida ta 2011 ya yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre, amma alƙali ba dole ne ya ɗauka ba, kuma mu alƙalin ne kaɗai ke yanke hukunci. Aikin ƙwararre ya bayyana abin da mutum na gari ba zai gane da kansa ba. Cewa wance ta yi laifi ko ba ta yi ba aikin kotu ne.

Malam Sani Tudun Wada: Barista, me ke da wuyar ganewa a nan? Mace idan ana dukanta ta tafi gidansu. Addini bai ɗaure ta ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali yana raba aure saboda cutarwa, ga kuma hul'i. Wadda ta bar duk wannan ta ɗauki wuƙa, wane bayani ya rage?

Maman Iman: Malam, da girmanka, bari in ba ka amsa daga gidanmu. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi yaji sau 4. Duk zuwa sai mijin ya turo baffansa biko, ya yi kuka, ya kawo atamfa. Babanmu ya ce ta yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne. Innarmu ta ce wa zai riƙe mata yara 5. A na huɗun da karaya a hannu ta zo, kuma a gabana ta gaya wa mai ɗori cewa santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Sati biyu aka mayar da ita. Ta tafi gidansu kamar yadda ka ce, gidan ne ya ƙi riƙe ta. Allah ya sa ba ta taɓa kowa ba, shi ne ya gaji ya sake ta. Amma da wani abu ya faru a daren nan, kai ne za ka fara tambayar me ya hana ta fita, kuma ba takarda ko ɗaya da za ta nuna.

Malam Sani Tudun Wada: Subhanallahi. Allah ya saka mata. Iyaye suna da laifi a nan, ban musa ba. Amma rai fa rai ne, Hajiya.

Maman Iman: Ban ce ba rai ba ne. Na ce tambayar da kake ganin amsarta a fili take, ba a fili take ba.

Barista: Wannan tambayar ce ta sa aka fara kiran irin waɗannan shaidu. A 1979 wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Lenore Walker, ta bayyana yadda abin ke zagayawa: zaman ɗar-ɗar, sai duka, sai ban haƙuri da kyauta, sai a koma farko. Abin da Maman Iman ta faɗa ke nan, har da atamfar. A Kanada kuma akwai Angelique Lavallee da ta harbe mutumin da suke zaune tare a ƙeya yana fita daga ɗaki, bayan ya ce mata ko ta kashe shi ko shi ya kashe ta. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi bayanin halin da take ciki, aka sallame ta, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1990. Bambancinta da Jodi, asibiti ya sha ganin raunukanta, mutane sun ga ana dukanta.

Kabiru Kawo: Tsorona a buɗe wannan ƙofar a nan. Mun ga shari'ar Maryam Sanda a Abuja a 2020, yadda gari ya rabu biyu. Maza ma ana kashe su a gidajensu. Gobe kowace ta soke miji sai ta ce dukanta yake yi.

Anti Ladi: Faɗa da baki ba ya wadatarwa, Jodi ta faɗa kuma tana kurkuku. Ka dubi Sally Challen a Ingila, ta kashe mijinta da guduma a 2010, aka ɗaure ta kan kisa da gangan. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda sabuwar shaidar likitan ƙwaƙwalwa, kuma 'ya'yanta maza biyu, 'ya'yan mamacin, suna bayanta. Ba a ce ba ta da laifi ba, rage girman laifin aka yi. Ni abin da ke damuna namu ne. Shekarata 19 ina aikin jinya, mace za ta zo ido a kumbure ta ce ƙofa ta buge, mijin na tsaye a kanta, mu rubuta yadda ta faɗa mu ba ta magani. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa cike da likitocin da za su iya tsayawa a kotu. Amma likita zai tsaya a kan me, idan katin mara lafiya ya ce ƙofa ce?

Kabiru Kawo: Idan akwai kati da shaidu, na yarda a saurari ƙwararre. Idan bakin wadda ake tuhuma ne kawai, ina nan kan bakana.

Maman Iman: Yayata ba ta da kati, Kabiru. Wurin mai ɗori aka kai ta don kar unguwa ta ji. Anti Ladi, idan mace ta ce miki ƙofa ce alhali kin ga shatin yatsu a wuyanta, an yarda ki rubuta abin da idonki ya gani?

Anti Ladi: An yarda. In rubuta abin da ta ce, in rubuta abin da na gani, da girman raunin da wurinsa. Sai dai sai an fara fitar da mijin daga ɗakin, kuma ba kullum muke yi ba.