Kewaya fili kaɗai ya isa shirya doki ga tseren doguwar tafiya?

Mai Akawal: Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina, dokin da ake kewaya fili da shi awa guda kullum, sassarfa da ɗan sukuwa, ya shiryu ga tseren doguwar tafiya. Fita daji da shi wahalar banza ce.

Baba Mai Kili: Ɗana, a'a. Fili shimfiɗaɗɗe ne, dokin ya haddace shi. Ran da ka bi da shi hanyar Madarumfa, ya taka tsakuwa, ya gangara gulbi ya hau, nan za ka ga ƙafar ba ta ƙosa ba. Mu kilisar asuba a daji muka gada.

Mai Akawal: Baba, ku yi haƙuri, ai nawa ko haki ba ya yi yanzu.

Likitan dabbobi: Malam, wannan rashin hakin shi ke ba ni tsoro. Zuciya da huhu suna ƙarfi cikin 'yan makonni, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni, ƙashi har shekara. Sai doki ya ji ƙarfi, mai shi ya ƙara masa aiki, agara ta kumbura. Amma Baba, fili na da amfaninsa. A manyan gasanni na kilomita 160 a yini guda, dokar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ita ce bugun zuciya ya sauko 64 a minti kafin a bar doki ya ci gaba. A fili ne za ka iya aunawa kullum ka ga saurin saukowarsa, ka kuma gyara masa taku.

Mai Akawal: To ai filinmu rairayi ne, shi zai ƙarfafa ƙafar.

Likitan dabbobi: In ya yi zurfi, jijiyar yake ja. Kuma kewaya hannu ɗaya na ɗora nauyi kan ƙafar ciki. A riƙa juyawa, a faɗaɗa da'irar.

Ɗan Barga: Ranku ya daɗe, ba a yi zancen ruwa ba. Dokin da ya saba da bokitin gida yakan ƙi sha a baƙuwar rijiya, ga zafin Afrilu.

Mai Akawal: Na ji ta ruwa. Sauran ban gamsu ba tukuna.

Baba Mai Kili: To Lahadi bayan asuba ka ɗaura sirdi mu bi ta Tibiri. In mun dawo Likita ya auna zuciyar duka biyun.