Waɗanda ambaliya ta taɓa rutsawa da su, me ya cece ku?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Damina ta kankama, gidanmu kuma a kwari yake, ga kwata ta cushe da leda. Waɗanda suka taɓa gani da idonsu, don Allah ku ba mu labari.

Ɗan Mokwa:
Wa alaikumus salam. Ina gida ranar 29 ga Mayun 2025. Tun cikin dare ake ruwa, har muna murnar shuka za ta samu. Wajen asuba sai muka ji ƙugi kamar tirela ta nufo unguwa. Jan ruwa ne, ɗauke da itatuwa da langa-langa, kafin in nemo tocila ya kai mini cinya. Na saɓa yaro ɗaya a kafaɗa, mai ɗakina ta goya ɗaya, muka yi tudu ko takalmi babu. Maƙwabcina ya fito lafiya, sai ya koma ɗauko babur. Allah ya jiƙansa. A Tiffin Maza da Unguwar Hausawa aka fi asara, fiye da mutum 150 suka rasu. Ɗan'uwa, in ka ji ƙugin nan, kada ka tsaya kwashe kaya.

Uwargida daga Gwange, Maiduguri:
Allah ya jiƙan musulmi. Mu madatsar Alau ce ta ɓalle a Satumban 2024. Tsofaffi sun sha ba mu labarin ambaliyar 1994, muna ɗauka zance ne. Abin da ya yi mini rana leda ce da nake ratayewa a ƙusa bayan ƙofa: katin ɗan ƙasa, takardar gida, maganin hawan jinin surukata, da 'yan kuɗi. Ita kaɗai na fizga, maigida ya kashe wuta daga mita. Da muka dawo rijiya ta haɗe da ruwan masai, sai da muka riƙa tafasa na sha.

Direban haya:
Hajiya kin yi dabara. Ni fasinja ne matsalata. Ruwa ya shafe kwalta, sai ka ji “Malam direba, wuce mana, ai ba zurfi.” Su ba su san ko kwalbati ya zarme a ƙasa ba, ni ma ban sani ba. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana ɗaga ƙaramar mota. Ina fakawa in jira, mai sauri ya sauka.

Baba daga Damagaram:
Yarana, ku kula da bayan ruwa ma. Ginin ƙasa daga gindi yake jiƙewa, sai an ɗauke an kwanta ya rufta. Tsohon masallacinmu na Birni haka ya zube a daminar 2024. In katanga ta tsage ko gindinta ya yi laushi, a kwana a gidan dangi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Hajiya, takardun asali kike sawa a ledar ko kwafi?