Don Allah a taimaka min: ekileya da ƙullun kanti ya ƙi yin rami

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Sunan jaririn ƙanwata ranar Asabar ne, kuma na yi mata alkawarin ekileya guda 40, wannan dogon kek na Faransa mai kirim a ciki da cakulan a sama. Na san asalinsa sai an dafa ruwa da bota da fulawa a tukunya, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, amma sau biyu ina yi yana faɗuwa da na fitar daga obin.

Shi ne na sayo ƙullun nan mai ninki-ninki da ake sayarwa a daskare. Na yanka tsawon yatsa, na gasa a digiri 200. Ya tashi, ya yi ja gwanin sha'awa, sai dai ba rami a ciki, ganye-ganye ne kawai. Na tsaga na zuba kirim, kafin awa ɗaya ƙasan ya jiƙe ya yi laushi, yana manne wa faranti.

Akwai abin da zan shafa a ciki ya hana shi shan ruwa? Ko in bar zuba kirim sai safiyar suna? Zafin garin nan ma yana tsorata ni, ga wuta ba tabbas.