Neman shawara: shekarata 43, ina so in fita waje in koma ɗalibi

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku ba ni shawara. Shekarata 43, aikin akanta nake yi tun ina saurayi kuma gaskiya na kai inda ba gaba, yaran da na koya wa aiki duk sun zo sun wuce ni. Abin da ke raina yanzu shi ne in fita waje in karanci aikin jinya in fara daga farko, ina da ɗan abin da na tara, amma ga iyali ga yara uku babbar tana sakandare. Maiɗakina ta ce duk abin da na yanke tana tare da ni, yayana kuwa cewa yake na zautu. Ingila nake tunani ko Kanada. Wanda ya san kan abin ya faɗa min ko da ɗaci, na makara ne?

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam Yaya. Makaranta dai ba za ta kore ka don shekaru ba, ajinmu har masu furfura akwai, inda gizo ke saƙar wajen iyali ne. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana ɗaliban waje zuwa da mata da 'ya'ya sai mai digirin bincike irin su PhD ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, digirin jinya kuma shekara 3 ne, kenan Anti ita kaɗai za ta riƙe yaran nan har ka gama. Sannan kar wani ya ruɗe ka da wai za ka yi aiki ka biya makaranta, awa 20 kawai aka yarje wa ɗalibi a mako lokacin karatu, ga firaktikal a asibiti awa 2,300 wanda ba albashi ake ba ka ba, wlh wani makon ko awa 20 ɗin ba za ka iya cikawa ba don gajiya.

Wani malami:
Malam ni abin da zan ce, kafin ka biya ko sisi ka fara duba me zai biyo bayan karatun, don samun gurbi shi ne mai sauƙin, takardar zama ita ce aikin. A tsarin neman takardar zama na Kanada da ake kira Express Entry ana ba da maki a kan shekaru, cikakken maki na 'yan 20 zuwa 29 ne, daga 30 ya fara zubewa, a 45 ya zama sifili, kai kuma kafin ka gama ka wuce nan. Ba wai an rufe ƙofa ba ne fa, tun 2023 suna ware ma'aikatan lafiya su gayyace su daban, larduna ma suna da nasu tsarin, amma da matasa za ka yi takara. Ostireliya kuwa tun Yulin 2024 bizar aiki ta bayan kammala karatu sai wanda bai wuce 35 ba, in ka cire masu digirin bincike. Ejan-ejan ba sa faɗin wannan, su dai kamashonsu.

Wani ɗan uwa:
Ni dai Yaya ka yi zamanka, kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Wata mamba:
Haba ɗan uwa, ai bai ce gudu zai yi ba. Yaya me ya hana ka duba Jamus? Suna da tsarin koyon sana'a da suke kira Ausbildung, na jinya shekara 3 ne, ba kuɗin makaranta kuma kai ake biya duk wata kana koyo. Wahalarsa harshe, yawanci sai ka kai matakin B2 a Jamusanci, wato ka iya shi sama da matsakaici, kuma wannan tun kana kan aikinka za ka fara shi ba sai ka ajiye ba, in ka ga harshen ya ƙi shiga to ka samu amsarka ba ka yi asarar komai ba. Abu ɗaya, wanda ya cika 45 in zai karɓi takardar aikin ƙwararru karo na farko sai albashinsa ya kai wani mataki ko ya nuna tanadin fansho, ka tambayi wannan da kyau. Shekarun ritaya 67 ne a can, kenan kana da kusan shekara 20 na aiki a gabanka, ba kaɗan ba ne.

Wani dattijo:
Ƙanina tambaya ɗaya, jinyar kake so ko fitar kake so? Don aikin nan akwai kwanan tsaye, ɗaga mara lafiya, wanke shi, ga yarinya sa'ar 'yarka tana ba ka umarni. In fitar ce, akantancin da ke hannunka ma sana'a ce, jarabawar ƙwararrun akantoci ta ACCA daga inda kake za ka rubuta ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Baba tambayarka ta tsaya min a rai, sai na kwana da ita tukuna. 'Yar uwa mai maganar Jamus, a wannan tsarin ana iya ɗauko iyali tun ana koyo ko sai an gama an fara aiki?